Ƙulli a Bakin Rawani

A rana ta biyu da fitowarmu daga garin Nuwaiba na bakin teku muka tarar da shi a bakin rijiyar farko, yana zaune ya jingina da dutse, raƙuminsa na gurfane kusa da shi, ko sirdi bai sauke masa ba. Tun daga nesa na gane zaman. Atayyik ne, baban Ganim.

Mu huɗu ne a tafiyar. Akwai Turawa biyu, mata da miji, tsofaffi daga Norwe, da suka biya a zaga da su cikin duwatsu a kan raƙuma, su riƙa kwana a fili, a fitar da su kan kwalta ta ɗaya gefen inda mota za ta ɗauke su. Sunan mijin Gunnar, amma Mai Malafa muke ce masa. Matar kuwa Astrid. Ni ne jagora, ni ne mai girki, ni ne kuma tafinta da ɗan Turancin da na tsinta da girma. Sai Suwailim, ɗan ƙanwata, mai kula da raƙuma.

Suwailim bai kashe kowa ba. Ƙaninsa Farhan ne ya buge Ganim da a-kori-kura bara, a kan hanyar bakin teku, kafin gari ya waye kuma ya tsallake ruwa ya bar ƙasar. To amma a wajenmu jini ba ya tsayawa a kan wanda ya zubar da shi. Yana bin duk namijin da ya haɗa kaka da shi ta wajen uba. Dattawa sun shiga tsakani, aka ba da wa'adin da ba za a taɓa kowa ba har a zauna maganar diyya. Wa'adin ya cika, aka ƙara. Sai dattijon da ya tsaya lamuni ya rasu, wa'adin ya ƙare da tsayuwar wannan watan, ba a sami wanda ya miƙe ya ɗauki nauyin ba. Ni kawu ne, jinin bai biyo ta kaina ba. Shi ya sa ƙanwata ta ce in tafi da ɗanta cikin duwatsu, tunda ba a taɓa mutum a gaban baƙi.

Na ji takun Suwailim ya tsaya a bayana. Ban waiwaya ba. Na wuce gaba na yi sallama.

"Wa alaikumus salam, Auda," in ji Atayyik. "Har yanzu kana kiwon masu jajayen kunnuwa?"

"Abincin ke nan, Baban Ganim."

"Allah ya sa albarka. A zamaninmu gawayi raƙumi yake ɗauka zuwa Suwes. Yanzu ga shi ya koma goyon tsofaffi."

Suwailim ma ya yi sallama. Atayyik ya zuba wa ƙafar raƙuminsa ido kamar akwai ƙaya a ciki, har sallamar ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka.

"Me ya fito da kai nan kai kaɗai?" na ce.

"Taguwata ce ta ɓata."

"Ina ta nufa?"

"Ku ina kuka nufa?"

Na faɗa masa, don ba abin ɓoyewa ba ne. Hanyar guda ce, kowa ya san ta.

"To, can ta yi," in ji shi.

Muka gurfanar da raƙuma, Suwailim ya haɗo 'yan ƙirare ya hura wuta, na ɗora shayi. Finjalin farko na baƙo ne. Na miƙa wa Atayyik, ya karɓa da hannun dama, ya yi godiya, ya ajiye shi a kan yashi a gabansa. Muka sha na farko, muka sha na biyu. Nasa yana nan, tururin ya daina tashi, ƙuda ya sauka a bakinsa. Na gutsuro gurasar safe na miƙa masa. Ya dafa ciki ya ce kwanan nan ba ya jituwa da abincin kowa sai nasa. Da zai sha ruwa ma bai taɓa jarkarmu ba, ya tashi ya zura gugansa a rijiya.

Wanda ya ci gurasarka da gishirinka ba ya ɗaga hannu a kan abokin tafiyarka. Wannan ƙofar ya rufe ta. Akwai wata, ita ma na duba. Mutumin da ake nema da jini, in ya samu ya kai hannu ga bakin rawanin wani ya ƙulla shi, to ya shiga fuskarsa ke nan. Dole mai rawanin ya tsare shi, ko daga 'ya'yan cikinsa ne, har a yi sulhu. In ya ƙi, a kafa wa sunansa baƙar tuta a mararraba, ba mai sake zama da shi, ba mai neman 'yarsa. Atayyik mutum ne mai sakin bakin rawani har gadon baya, haka na san shi tun ina saurayi. Ran nan ya naɗe shi tamau, ya cusa bakin ta ƙeya. Kuma duk lokacin da Suwailim ya matso ɗaukar wani abu, sai ya ja jiki, ya bar tsawon raƙumi a tsakaninsu.

Mai Malafa kuwa daɗi ya kama shi. Ya ce tun fitowarmu bai ga mutumin da ya dace da wurin nan kamar wannan dattijo ba, ya nemi izinin ɗaukar hoto. Atayyik ya gyara gemu ya ba shi. Sannan ya ce in tambayi Baturen 'ya'yansa maza nawa. Mai Malafa ya yi dariya ya ce ba su taɓa haihuwa ba, sai kare guda da suka bari a gida.

"Ce masa ya huta," in ji Atayyik. "Abin da ba a ba ka ba, ba a karɓe maka."

Na ce wa Mai Malafa dattijon yana yi masa fatan alheri.

Da rana ta yi sanyi muka tashi. Kwarin yana ta tsukewa, duwatsun gefe biyu suna ƙara tsawo, inuwa ta riga lokacinta sauka. Atayyik yana bayanmu, ba ya matsowa, ba ya kuma ja baya. In mun tsaya Astrid ta ɗauki hoton wata ciyawa, sai takun raƙuminsa ma ya ɗauke. A ƙarƙashin sirdinsa akwai wani dogon abu a naɗe cikin bargo. Astrid ta tambaye ni mene ne. Na ce sandar tanti ce. Suwailim yana gaba yana jan akala, yana yi wa raƙuma waƙar da yake yi musu kullum, sai dai ran nan baiti guda yake ta maimaitawa.

Muka yi zango a gindin wata bagaruwa. Atayyik ya sauka can gefe, inda murya za ta kai amma hannu ba zai kai ba. Ya hura wutarsa, ya kwaɓa garinsa, ya binne gurasarsa a rushi. Magariba ma shi kaɗai ya yi ta, bayansa jingine da dutse kafin ya tayar. Da na sallami Turawa da miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan na wajenmu, na ɗauki tabarmata na je na zauna kusa da shi. Na daɗe da sanin cewa in ka zauna kusa da mutum ka yi shiru, shi zai gaji.

Ya tono gurasar, ya karkaɗe toka da bayan wuƙa.

"Maganin ido ya je sayo wa uwarsa," ya ce. "Da aka ɗauke shi kwalbar tana aljihunsa, ko tsagewa ba ta yi ba. Har yau tana nan a rataye a jikin tanti. Ta ƙi ɗigawa. Idon yana ta rufewa, ta ƙi."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Yara a rijiya suna tambayar jikana, wai nawa aka sayar da babansa. Yaro ya zo ya tambaye ni. Me zan ce masa, Auda? Kai da ka yi boko da furfura, faɗa mini."

"Suwailim yana can garin Dahab ranar. Ka sani."

"Na sani. Ni na tsara abin? Haka na tarar, haka ka tarar."

Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen tafiyar nan, in sauka in nemo dattawa a sake tsayar da mai lamuni. Ya ce dattawa sun ga wata ya tsaya kamar yadda ya gani, ba wanda ya tako ƙofar tantinsa.

"Baƙinka kuwa kada ka ji komai," ya ce. "A gabansu ko tari mai ƙarfi ba zan yi ba. Ban taɓa ɓata wa mutum abincinsa ba." Ya gutsuri gurasa ya tauna a hankali. "Gobe ta Maƙogwaro za ku bi ko?"

Maƙogwaro wani kwazazzabo ne da ya raba dutsen biyu, wani wurin sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Don shi Turawa suke zuwa. Raƙumi ba ya shiga. Jagora ne yake bi da baƙi a ƙafa, mai raƙuma kuma ya zagaya da dabbobi ta bayan dutse, tafiyar rabin yini shi kaɗai, a haɗu a idon ruwa mai dabinai. Haka ake yi tun da aka fara aikin nan, kuma Atayyik ya sani.

Da asuba, Suwailim yana kwance wa raƙuma dabaibayi, na same shi.

"Yau ba za mu shiga Maƙogwaro ba," na ce. "Zan ce musu ruwa ya rushe hanya. Mu zagaya gaba ɗaya."

"Gobe fa, Kawu?"

"Gobe ta Allah ce."

"Gobe mota za ta ɗauke su a kwalta. Ko za ka ce musu su sa ni a jaka su tafi da ni Norwe, in riƙa yi wa karensu wanka?"

"To kai ka bi da su ta ciki, ni in zagaya da raƙuma."

"In tsohon Baturen nan ya zame a wurin da ake hawa da igiya, da wane baki zan ce masa ya riƙe? Turancina bai wuce 'zauna' da 'tashi' ba, su ma raƙuma nake gaya wa." Ya ja igiyar ciki ya ɗaure, raƙumin ya yi gurnani. "Ka san abin da za a ce. Za a ce Suwailim ya ɓuya a bayan siket ɗin tsohuwar Baturiya. 'Ya'yana za su ji shi a waƙar biki."

"Gara su ji waƙa da ubansu a raye."

"Kawu, tun bara nake kwana da takalmi a ƙafa. Na gaji."

Na dube shi. Idanunsa sun faɗa. Ya ce in na koma gida in gaya wa Innarsa jar taguwar nan ta kusa haihuwa, kada a bari kowa ya ruɗe ta ta sayar. Ya ce akwai buhun sha'ir da ya bari a wurin mai shago, a karɓo. Sannan ya tafi ya taimaka wa Astrid ɗaure takalmi, yana yi mata dariya.

Muka rabu a bakin kwazazzabon. Suwailim ya ja raƙumanmu ya yi hagu. Atayyik ya ɗaga wa Turawa hannu, ya jira har ayarin ya sha kwana, sannan ya tayar da nasa raƙumin ya bi bayansu.

Na bi Maƙogwaro sau da yawa har ban san adadi ba, amma ban taɓa jin tsawonsa irin na ranar ba. Bango fari ta dama, bango fari ta hagu, sama ta koma zare. Wurin yana da sanyi, kuma ba ya ɓoye sauti. In aka harba bindiga a bayan dutsen, ƙarar takan biyo ta sama ta faɗo ciki. Mafarautan akuyar dutse sun sha firgita mini baƙi. Don haka ƙafafuna suna tafiya, bakina yana cewa a kula da nan, a taka can, amma kunnena yana waje.

Mai Malafa ya gano wurin yana mayar da murya. Ya kira sunan matarsa, dutsen ya kira ta. Ya kira sunan karensu. Sannan ya tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, sai da na dafa bango.

"Auda, lafiya?" in ji Astrid. "Yau ka yi shiru."

"Kullum shiru nake, Madam."

"Na jiya daban ne."

Na ce mata ciwon kai ne. Ta ba ni ƙwaya, na haɗiye don ta ƙyale ni. A wurin igiya na riga su hawa, na jawo su ɗaya bayan ɗaya. Mai Malafa yana haki yana cewa wannan ce rana mafi daɗi a shekararsa.

Rana tana tsaka muka fito a kan wani faffaɗan dutse. Daga nan ana ganin dabinan idon ruwa a ƙasa ta dama, ana kuma ganin kwarin da raƙuma suke biyowa ta hagu, can nesa, fari fat. Na duba idon ruwa, ba kowa. Na duba kwarin.

Raƙuman suna tsaye a tsakiyar fili, inda babu inuwa, babu ciyawa, inda ba mai hankalin da zai tsaya da dabba. Kusa da su ɗigo biyu.

Mai Malafa yana da madubin hangen nesa da yake kallon tsuntsaye da shi. Na ce ya ara mini in duba ko kaya ne suka kwance.

Atayyik yana tsaye, bargon yana ƙasa, bindigar tana hannunsa. Suwailim yana gabansa, hannuwansa a sake. Ko na yi ihu iska za ta cinye shi, sauka kuwa sai an yi tafiya mai tsawo. Na tsaya da madubi a ido, ba abin da nake da shi sai kallo.

Na ga Atayyik ya ɗaga kai ya dubi rana, ya nuna ƙasa da bakin bindiga. Suwailim ya durƙusa ya buga tafukansa a yashi, ya shafi fuska. Na gane. An ce masa ya yi sallarsa. Shi ma tsohon ya ja da baya tazarar jifan dutse, ya yi taimama, ya shimfiɗa bindigar a gabansa, ya fuskanci alƙibla. Ba zai yi abin da ya kawo shi da azahar a wuyansa ba. Ya ɗaga hannu ya kabbara.

Suwailim bai kabbara ba. Yana tsaye, raƙumin da ya fi duka sauri yana kusa da shi, ba dabaibayi. Na ji bakina yana cewa hau, hau mana. Bai hau ba. Ya fara tafiya, a hankali, irin tafiyar wanda ya makara zuwa masallaci ba ya son a ji takunsa. Ya je ya tsaya a daman Atayyik, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗaga hannu ya kabbara.

Mutum in yana salla wani ya zo ya tsaya a damansa, ya zama liman, ko ya so ko bai so ba. Ba ya matsawa, ba ya waiwaye, ba ya korarsa. Na ga bayan Atayyik ya ƙage. Bindigar tana gabansa, taku ɗaya. Na jira ya sunkuya ya ɗauka. Ya sunkuya, amma ruku'u ya yi. Suwailim ya bi shi.

"Me suke yi?" in ji Mai Malafa.

"Salla."

"Su biyu a tsakiyar wannan fili. Abin sha'awa. Ba ni in gani."

"Bari kaɗan."

Suka yi sujada. Goshin Atayyik yana ƙasa, ƙeyarsa a buɗe. Suwailim ya ɗago kafin limaminsa. Na ga hannunsa ya tafi, ya laluba, ya zaro bakin rawanin daga inda aka cusa shi, farin ƙyalle ya zubo. Da hannu biyu ya ƙulla, ya ja, ya sake ja. Sannan ya zauna a kan dugadugansa ya sunkuyar da kai.

Atayyik bai ɗago ba. Sujadar ta yi tsawo har na zaci wani abu ya same shi. Daga baya ya ɗago, ya ci gaba da sallarsa yadda ake yi, bai rage komai ba, ƙullin yana lilo a bayansa. Ya yi tahiya, ya sallame dama, inda Suwailim yake, ya sallame hagu. Ya kai hannu baya ya kamo ƙullin, ya riƙe shi a tafinsa ba tare da ya duba ba. Sai ya miƙa ɗaya hannun ya ɗauki bindigar.

Na sauke madubin na ba Mai Malafa. Na zauna a kan dutse, na zuba kunne. Astrid tana ɓare lemo. Wani hankaka ya wuce. Da na sake dubawa da idona, ɗigo biyun sun fara motsi, guda a gaba a kan raƙumi, guda a baya yana jan ayari.

La'asar ta yi kafin su iso idon ruwa. Atayyik ya sauka, bai mayar da bindigar cikin bargo ba, ya jingine ta da dabino. Turawa suna can suna jiƙa ƙafa, ba su lura ba. Fuskar Atayyik ta tsufa tun safe.

"Auda," ya ce, "haka kuke koya wa 'ya'yanku salla? A yi wa liman sata yana sujada?"

"Na rama sallar, Baba," in ji Suwailim.

"Kai rufe mini baki. Wa ya sa da kai?" Ya zauna a ƙasa kamar an sauke buhu. "Na fito in kai wa tsohuwa jini, ga shi zan kai mata baƙon da za ta dafa wa abinci. Da wane ido zan shiga tantin nan?"

Ya daɗe yana zane a yashi da yatsa.

"Rashdan da ƙaninsa suna kwalta," ya ce. "Na ce musu in tsufa ya hana ni, su ƙarasa."

Rashdan shi ne babban ɗansa, wanda ya wanke gawar Ganim da hannunsa.

Washegari muka fito daga cikin duwatsu da hantsi. Atayyik ya sa Suwailim ya bi bayansa daf da daf, duk inda ya yi. Daga nesa na hango farar motar kamfani a bakin kwalta, direba yana barci a ciki. Can gaba kaɗan, a inuwar wata bagaruwa, a-kori-kura ce a tsaye, mutum biyu suna zaune a bayanta. Da suka gan mu ba su tashi ba. Suna jiran baƙi su tafi.

Aka sauke jakunkuna. Mai Malafa ya rungume ni, ya rungume Suwailim, ya ce baɗi za su dawo da abokai. Astrid ta ce sai an yi hoton ƙarshe, kowa da kowa, har da dattijo. Muka jeru. Tana gyara mu, sai idonta ya faɗa kan ƙullin da yake lilo a bayan Atayyik. Ta ce ash, ƙyallensa ya harɗe, ta kai hannu za ta warware masa.

Kafin in buɗe baki Atayyik ya riga ya damƙe ƙullin a hannunsa. Ya ja da baya taku ɗaya.

"Ce mata ta bar shi," ya ce. "Ba ita ta ɗaura ba."

Na ce mata ado ne na dattawa. Ta ba da haƙuri, aka ɗauki hoton, suka shiga mota. Muka tsaya muna ɗaga musu hannu har ƙarar injin ta ɓace. Wurin ya yi tsit. Sannan na ji an sauko daga bayan a-kori-kura.

Rashdan ne a gaba, ƙanin yana biye. Bai gaishe ni ba.

"Baba, matsa," ya ce.

Atayyik bai matsa ba. Ya jawo bakin rawanin ta kan kafaɗa ya sake shi a ƙirjinsa. Rashdan ya dubi ƙullin, ya dubi Suwailim, ya sake duban ƙullin. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yaushe?"

"Jiya da azahar."

"A cikin dutse, ba kowa. Kwance shi, Baba. Wa ya gani?"

"Tambayi Auda."

Rashdan ya juyo gare ni. Na san shi tun yana bin awaki, amma idon da ya dube ni da shi ban san shi ba.

"Na gani," na ce. "Daga saman Maƙogwaro, da madubin Bature."

"Kawunsa ne. Wa zai karɓi shaidar kawu?"

"To a bar Auda," in ji Atayyik. "A gaban wa nake lokacin da aka ɗaura shi? Goshina yana ina?"

Ƙanin ya sunkuyar da kai. Wata babbar mota ta wuce a guje, iskarta ta kaɗa mana riguna.

"Ka bari ya zo kusa da kai," in ji Rashdan a hankali. "Kai da ko inuwarka ba ta zuwa kusa da kai in ba ka so ba. Ka bari."

"Salla nake."

"Ni zan gaya wa Inna, ko kai?"

"Ni. Kai kuma ka je ka gaya wa 'yan'uwanka duka: wannan yana fuskata har dattawa su zauna. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa. Ko kai ne, Rashdan."

Rashdan ya tofar da yawu a gefe, ya juya. Ƙanin ya bi shi. Na ji an rufe ƙofar mota da ƙarfi, amma ba a tayar da ita ba.

Atayyik ya gurfanar da raƙuminsa ya hau, ya ɗora bindigar a kan cinya. Ya ce wa Suwailim, ba tare da ya dube shi ba, "Hau baya. Kada ka riƙe ni, riƙe sirdi."

"Kawu, raƙuman fa?" in ji Suwailim.

"Zan mayar da su."

"Kai kaɗai, guda huɗu? Baƙin raƙumin nan yana cizo."

"Na san raƙuma tun kafin a haife ka. Tafi."

Ya hau. Raƙumin ya miƙe da su, suka tsallake kwalta, suka kama kwarin da ya nufi arewa, inda tantunan su Atayyik suke. A nan Suwailim zai zauna, a tantin uwar Ganim, ya ci abincinta, har ranar da za a yi zaman diyya. Sai a lokacin aka tayar da a-kori-kurar. Ta sauka daga kwalta ta bi bayansu a hankali, ba ta cim musu ba, ba ta kuma wuce su ba, haka har kwarin ya sha kwana da su duka.

Na ɗaure akalar kowane raƙumi a sirdin na gabansa, na juya da su cikin duwatsu. Hanya tana da tsawo, kuma ina bukatar tsawon, don ban riga na san yadda zan gaya wa ƙanwata inda ɗanta yake kwana ba.